Sandar Zakari da Metir ɗin Maina

A wani ƙauye tsakanin Dantchiao da Magariya akwai wani dattijo, Zakari, wanda ba a taɓa ganinsa ba sanda ba. Ba ƙafa ke masa ciwo ba. Sandar ta gora ce, an ɗaure mata ƙarfe sama da ƙasa, kuma tsawonta daidai yake da faɗin layin dogo na Kano, daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Da hannunsa ya auna ya yanke ta, lokacin da ya yi shekara tara a Reluwe yana saurayi.

In ka tambaye shi aikin da ya yi a can, sai ya gyara zaman hula ya ce jirgi ba ya tashi sai ya ɗaga hannu. In ka tambayi matarsa Habsatou, Uwar Aziza, sai ta ce ciyawar gefen layi yake nomewa, kuma yana nome ta da kyau, don tsakani da Allah mutumin ba malalaci ba ne. Baki ne kawai ya yi masa yawa.

Ita Habsatou tana da gonar rake a fadama, gadon ubanta. Tsakanin fadamar da hanyar mota akwai wani tudun rairayi, bai fi taki ɗari biyu ba, amma kowace shekara nan amalankenta ke nutsewa har ƙarfen gindi. Sai a yi kwana uku ana ihu da sa kafin a fitar da raken. Bana kuwa raken ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, kuma ta riga ta gama shawara da zuciyarta: da kuɗinsa za ta rufa ɗakinsu da kwano, don daminar da ta wuce a zaune suka yi ta, kowa da ƙwarya a kan cinya yana tarbar yoyo.

Wata rana da hantsi ana zaune a gindin tsamiya, rediyo ya kawo labarin sabon layin dogo da ake ja daga Kano zuwa Maraɗi. Zakari ya buga sanda a ƙasa.

"Kun ji ko? Sun bi ta Daura sun tsallake mu. Ko sallama babu."

Ɗela maƙwabciyarsu, wadda ke tuyar ƙosai a gefen majalisar, ta ce, "Wataƙila ba su san kana raye ba ne, Malam Zakari."

"Za su sani. Kafin nasu ya kai Maraɗi, nawa ya kai bakin hanya."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. A bayan gidan maigari akwai tulin bututun ƙarfe da wani furoje, wato shirin ban-ruwa, ya mutu ya bari shekara bakwai da suka wuce, macizai kawai ke amfana da su. Kafin azahar Zakari ya roƙe su, maigari ya ba shi har da addu'a. Dabarar ita ce a jera bututun layi biyu a kan guntayen itace tun daga fadama har bakin hanya, a cire wa ƙafafun amalanke taya, kwarmin ƙarfen ya hau kan bututu ya zauna daram. Rairayi sai dai ya kalli kaya yana wucewa ta samansa.

Amalanke ɗaya ne a gidan, kuma na Habsatou ne. Ya nema, ta ce a'a. Ya sake nema bayan an ci tuwo, ta ce a'a ɗin dai bai huce ba. Sai 'yar ƙanwarta ta haihu a Dogo-Dogo, Habsatou ta tafi suna kwana biyu. Ta dawo ta tarar da amalankenta a ƙofar maƙera, ba taya, an yanke ƙarfen gindin an sake haɗa shi daidai tsawon sandar, an ƙara masa ƙafa biyu na wata matacciyar mota. A gefe an rubuta da farin fenti: Jirgin Fadama.

Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Malam, Laminu mai kamyo, babbar motar kayan nan, zai zo ran Alhamis ta sama ya kai raken Damagaram. Ran Laraba zan sa a sare. Ka san rake in an sare shi ba ya jiran kowa, kwana biyu ya fara bushewa."

"Uwar Aziza, a cikin awa ɗaya zan fitar miki da shi."

"Ni ban ce awa ɗaya ba. Na ce ya shiga kamyo."

Kwana tara suka rage, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dole Zakari ya kira Maina, ƙanen Habsatou, mai walda a Magariya. Shi kuma Maina ya yi shekara bakwai a Paraku, ƙasar Benin, yana gyaran taragon jirgi, kuma ba ya fita ko masallaci sai da metir ɗinsa na awo a aljihu. Tun ranar ɗaurin aure su biyun suke tsokanar juna, har yau babu wanda ya gaji.

"Ƙanen mata, na samo maka aikin da zai sa a san ka," in ji Zakari a waya. "Kai ka fara shimfiɗa layi daga bakin hanya, ni daga fadama, mu haɗu a gangaren tudu."

"To, Shef. Wane faɗi za a yi?"

"Faɗin layin dogo mana. Ko shekara bakwai ɗin doya ka je ci a Paraku?"

"Ni da na tsufa a ƙarƙashin tarago? Ido rufe zan auna maka shi. Na tambaya ne in ji ko masu noman ciyawa sun sani."

"To kar ka ƙara tambaya."

Habsatou tana tankaɗe a tsakar gida, duk ta ji. Ta ce, "Ka aika masa da sandar ya gwada mana."

"Sandata ba ta kwana a hannun wani."

"Ni ko murfin tukunya zan saya, sai na karya kara na auna bakinta na tafi da shi kasuwa."

"Ke tukunya, mu jirgi. Jirgi awo ɗaya gare shi a duniya. Bature ya yanke, an gama."

Abin da bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne, wane Baturen.

Aka fara aiki. Ranar farko suka jera guntayen itacen dogon yaro arba'in a ɓangaren fadama, washegari aka tarar da ashirin da shida. A ranar ƙosan Ɗela ya fito da wuri, wutarsa kuwa sai ci take ba hayaƙi.

"Ɗela, itacen nan na murhunki kamar na san shi."

"Itace duk kamarsu ɗaya, Malam. A hanya na tsince shi, an jera mini shi tsaf, na ce wannan bawan Allah ya san darajar mata."

Rana ta uku aka kawo sa a ɗaura masa jirgin. Jan san nan na Habsatou, wanda bai taɓa yi wa kowa gardama ba, ya shinshina bututu, ya dubi Zakari, ya kwanta a tsakiyar layin ya fara tuƙa. Aka ja, aka lallasa, aka nuna masa dusa. Sai da aka kwance igiyar ya miƙe ya koma gida shi kaɗai. Zakari ya ce dama jirgin zamani ba ya son dabba, mutane za su tura.

Rana ta biyar aka yi gwaji. Maza huɗu suka tura shi har rabin tudu, Zakari yana tsaye a sama da usur a baki. Ya busa don su ƙara ƙarfi, su kuwa suka ɗauka cewa ya yi a tsaya, suka saki. Jirgin ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya fara komawa da baya. A nan Zakari ya tuna bai sa birki ba. Layin ya ƙare a bakin tafkin da ake ban-ruwa, jirgin ya tsaya cak a kan turken ƙarshe, shi kuwa ya wuce. Ya fito da gansakuka a gemu, hula a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya ce ƙarfin turken yake gwadawa, kuma turken ya ci jarrabawa.

Duk kwanakin nan Maina yana can ɗaya gefen tudun yana nasa, har ya haɗa wani ɗan ƙaramin keken gwaji da ƙafafun buruweti, baron turin kaya. Tudu ya raba su, ba sa ganin juna sai dai murya. Babu wanda ya hau ya leƙa aikin ɗan'uwansa, don kada a ce ya zo satar fasaha.

"Shef, an ce jiya ka kai fasinja cikin ruwa?"

"Yi ta kanka, yaro. In layinka ya karkace kamar bakinka, sai ka kwance shi."

Ran Laraba aka sare raken, aka ɗaure dami-dami, aka tara a bakin fadama har ya fi tsayin mutum. Habsatou ta zagaya shi sau biyu tana taɓawa.

Ran Alhamis bayan an karya kumallo, aka kawo bututu biyu na ƙarshe a gangaren tudu. Na hagu ya shiga bakin ɗan'uwansa kamar tare aka haife su. Na dama ya wuce ta waje. Zakari ya tura shi da ƙafa, bai motsa ba. Ya tsuguna ya sa hannu a tsakani. Yatsu huɗu cif.

Ya ɗora sandarsa a kan nasa layin, ta zauna daidai. Ya ɗora a kan na Maina, ta yi saura.

"Ƙanen mata, metir ɗinka ya sha rana ya tsuke."

Maina ya ja metir ɗinsa a kan nasa layin. "Metir ɗaya, ba ƙari ba ragi. Haka yake tun daga Kwatano har Paraku. Sandarka ce ta sha ruwan tafki ta kumbura."

"Sandar nan ta girme ka."

"Shi ya sa ta fara ruɗewa."

Suka auna, suka sake aunawa, kowa da nasa, kowa ya samu daidai. Maina ya share gumi ya ce a ba shi kwana biyu ya kwance nasa ya buɗa shi. Babu kwana biyu. Ya ce to a je a faɗa wa Yaya.

"Je ka faɗa mata," in ji Zakari.

"Ai kai ne mijinta."

"Kai ne kuka sha nono ɗaya."

Babu wanda ya motsa. Daga cikin gari kuwa an fara jin kalangu, don Zakari ya gayyaci maigari da makaɗa da duk wanda ya taɓa yi masa dariya a gindin tsamiya. Ya dubi gangaren, ya dubi ramin yatsu huɗun nan, sai fuskarsa ta washe.

"Ba ka san aikin ba ne. Jirgi in ya ɗauko gudu, ba ya tsayawa duba ƙananan abubuwa. Zai matse kansa ya shige."

"Shef, ƙarfe ne fa, ba akuya ba."

Zakari ya tura rairayi a wurin da ƙafa, ya ɗebo ganyen rake ya shimfiɗa a kai. Ɗela, wadda ta riga kowa isowa, ta tambayi na mene ne ganyen.

"Ado ne. Haka ake yi a manyan tashoshi."

Kamyon Laminu ya iso ya tsaya a bakin hanya. Gari ya fito, mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya. Aka lafta wa jirgin rake har ya yi tozo, aka shimfiɗa darduma a sama domin maigari. Maigari ya ɗora ƙafa ɗaya, sai ya hango Maina can nesa a bayan wata bishiyar gawo, kansa kawai ke leƙowa.

"Zakari, me ya kai mai walda can?"

"Kunya ce, ranka ya daɗe. Ba ya son yabo."

Maigari ya sauke ƙafarsa a hankali. "To ni ma kunyar ta kama ni. Hau, ma tarye ka a ƙasa."

Zakari ya hau shi kaɗai. Maza takwas suka tura, kalangu na tashi, har aka kai ƙolin tudu. Ya busa usur, suka saki.

Gaskiya a faɗe ta: jirgin nan ya tafi. Taki talatin ya yi yana sulalawa sumul a kan rairayin da ya shekara hamsin yana cin amalanken mutane. Iska ta cika wa Zakari riga, mata suka rangaɗa guɗa, ya ɗaga sanda sama, idonsa ya ciko da ƙwalla. A ɗan wannan lokacin ya zama duk abin da ya daɗe yana cewa shi ne.

Sai aka iso wurin ganye.

Ƙafar hagu ta bi layinta. Ta dama ta nemi nata ta rasa, ta lume cikin rairayi. Jirgin ya durƙusa kamar raƙumi, ya juye kayansa gefe guda. Guɗa ta tsinke a tsakiya. Da ƙura ta lafa, ba a ganin komai sai tsibin rake, da kan sanda yana leƙowa ta sama yana ɗan motsi.

Habsatou ce ta fara isa. Ta janye dami biyu, fuska ta bayyana.

"Malam, kana da rai?"

"Ina da."

"Ƙashi fa?"

Ya motsa hannu da ƙafa. "Lafiya lau."

Ta share masa rairayin goshi da bakin zanenta, ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. To fito, akwai aiki."

Laminu ya hauro daga bakin hanya, ya kawar da ganyen da ƙafa, ya tsuguna ya sa yatsunsa. Ya tambayi wa ya yi wannan ɓangaren, a ina ya koya, wa ya yi wancan. Da aka faɗa masa, sai ya zauna a ƙasa don dariya.

"Baba, ku biyun duk daidai kuka yi, shi ne abin ya ɓaci. Na Kano Ingilishi ne suka shimfiɗa da awonsu. Na Paraku Faransa ce, metir ɗaya. Kowa ya ja nasa zuwa bakin teku ya kwashi gyaɗa da auduga, ba wanda ya yi tunanin wata rana za su gaisa. Shekara ɗari ke nan ba su haɗu ba, sai yau a tudunku."

Zakari yana karkaɗe riga ya ce, "Amma sabon da ake ja zuwa Maraɗi, ai shi awon sandata ne."

"Ya fi naku duka faɗi, Baba, da kusan kamu guda."

Zakari ya dubi sandarsa kamar wanda aboki ya ci amanarsa.

Laminu ya duba rana ya ce shi fa da an yi la'asar zai tashi, akwai kayan mutane a Magariya da ke jiransa. Habsatou ta dubi tsibin da ya zube, ta dubi uwar tarin da ke can fadama ba a ko taɓa ba. Amalanke babu, an yanka shi. In kamyo ya tafi, rake ya zama itacen Ɗela, ɗaki kuma ya sake damina a buɗe.

"Laminu," ta ce, "inda irin waɗannan layukan suka ci karo, yaya ake yi da kaya?"

"Sai a sauke daga wannan jirgin, Inna, a ɗora a wancan. Da ka, dami-dami."

"Maina, fito daga bayan bishiyar nan. Ina ɗan kekenka na gwaji?"

Nan da nan aka tayar da Jirgin Fadama aka mayar da shi kan layinsa, aka sa dutse a gabansa madadin birki. Keken Maina ya tsaya a ɗaya bakin. Maƙwabta suka kasu biyu, wasu na turowa daga fadama, wasu na gangarawa da shi bakin kamyo. A tsakiya kuwa, inda yatsu huɗun suke, Habsatou ta ce ba ta son hannun kowa sai na masu ilimin jirgi. Ta naɗa gammo biyu, ta ba mijinta ɗaya, ta ba ƙanenta ɗaya.

Haka suka wuni. A sauke, a ɗora a ka, a yi taki uku, a aje. Ɗela ta je ta ɗauko kaskonta ta kafa a wurin, ta ce ba ta taɓa ganin iyakar ƙasa ba mai ƙosai ba. Masu turi duk sanda suka iso sai su tsaya su yi sallama.

"Shef, ga kaya daga ƙasar Ingilishi. A duba takardu?"

"A buga wa raken hatimi ko ya wuce haka?"

Zakari sai haki yake. Sau ɗaya kawai ya ce wa Maina, daga ƙarƙashin dami, "Da ka tambaye ni faɗin."

"Na tambaya, Shef. Ka ce doya na je ci."

Ladan na gyaran murya damin ƙarshe ya hau kamyo. Abin da ya karairaye a faɗuwar, Habsatou ta ce a raba wa masu turi. Laminu ya ɗaure tanti ya tashi, gari ya watse kowa da guntun rake a baki. Zakari ya zauna a kan bututu, wuyansa ya shige kafaɗa, ya kasa ko cire gammon. Ta miƙo masa ruwa a moɗa, ta tsaya har ya shanye.

Bayan mako biyu kwano ya hau ɗaki. Ranar da aka gama, Habsatou ta kira su biyun a kan batun amalankenta. Zakari ya zo da sanda, Maina ya zaro metir.

"Ku aje," ta ce.

Ta zari kara daga jikin danga, ta je ƙofar gida ta gwada faɗinta, ta rage ɗan wurin wucewa, ta karya. Ta kawo ta miƙa musu.

"Kara ɗaya ne. Malam, riƙe nan. Kai kuma riƙe can. Haka za ku tafi da shi har maƙera, kada wanda ya saki."

Haka kuwa suka ratsa gari, dattawa biyu riƙe da kara ɗaya, suna gardamar wa ke jan wani.

Har yanzu mutanen garin Iyaka suke kiran gangaren tudun nan. Zakari kuwa ya koma gindin tsamiya, kuma duk baƙon da ya zauna sai ya sha karatu.

"Awon layi huɗu ne a ƙasashen nan," yakan ce, yana lissafawa da yatsu. "Na Ingilishi, na Faransa, na sabon layi, da na Uwar Aziza. Duk na yi aiki da su, ban da ɗaya."

In baƙon ya tambayi wanne ya fi, sai ya waiga ya ga ko Ɗela na saurare, sannan ya rage murya.

"Nata ne kawai ya shiga gida."